Tsofaffin Hotunan Katsina da Daura: Tambayoyi da Amsoshi kan Sikanin da Ɗorawa a Intanet

Tsofaffin hotuna sun fara fitowa daga cikin adaka da ƙarƙashin katifa. Kusan kullum sai wani ya ɗora na hawan Sallah a Ƙofar Soro, ko na ɗaliban Kwalejin Katsina, ko na rijiyar Kusugu, ko na wani biki da aka yi tun kafin a haifi mai ɗorawar. Abin farin ciki ne. Sai dai yawancinsu a gajiye suke isowa: dishi-dishi, an datse gefe, an kuma manna sunan wani a ƙirjin mutumin da ke ciki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu kawo hotuna shagon kwamfuta da masu turo saƙo suka fi yi mini. Wasu na haɗe su wuri ɗaya, wasu na bar su yadda aka yi su.

Malam, hoton garau yake a wayata, amma da na buɗe shi don in ga fuskar kakana sai ya fashe. Me ya jawo?

Hoto a waya ko kwamfuta ɗigo-ɗigo ne aka jera, kowane ɗigo da launinsa. Su ake kira fiksel. In ka ga an rubuta 800 x 600, ana nufin ɗigo 800 a kwance, 600 a tsaye, kuma iyakar abin da hoton ya mallaka ke nan. Gilashin waya ƙarami ne, shi ya sa ƙaramin hoto ke cika shi har ya burge ka. Da ka sa yatsu biyu ka buɗe, wayar ba ta da wasu ɗigon da za ta ƙaro, sai ta kumbura waɗanda ke akwai, fuskar kakanka ta koma tubali-tubali. Kafin ka yabi hoto ko ka kushe shi, shiga wurin bayanansa ka duba lambobin nan biyu.

Mene ne dpi, kuma nawa ya kamata in ce a sa mini?

Shi ne yawan ɗigon da sikana, wato na'urar da ke kwafe hoton takarda zuwa kwamfuta, za ta ɗiba daga kowane inci ɗaya na takardar hoton. Lissafin ba wuya: tsawon hoto a inci, sau dpi. Hoton da aka saba wankewa mai inci 4 da 6, in aka yi shi a 300 zai ba ka 1200 x 1800. A 600 zai ba ka 2400 x 3600, wato ninki huɗu na ɗigon farko, tunda tsawo ya ninka, faɗi ma ya ninka.

Ni dai tsohon hoto na takarda ba na yi masa ƙasa da 600, sai in babba ne na mutum ɗaya. In ƙarami ne sai a ƙara. Fasfo, wanda shi ne sau da yawa kaɗai hoton da aka samu na wani tsoho, milimita 35 ne da 45. A 300 abin da zai fito 413 x 531 ne kacal, ko gilashin waya ba zai cika ba. A 1200 kuwa zai haura 1600 x 2100, har a iya wanke shi babba a rataye a falo. Babban hoto mai inci 8 da 10 na mutum ɗaya, 400 ma ta wadatar. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon ƙanƙantar hoto, gwargwadon yawan dpi da yake buƙata.

Mai shago ya ce mini 300 ta isa, sauran ɓata lokaci ne. Ƙarya ya yi?

Bai yi ƙarya ba, aikin da ya saba yi ya faɗa maka. Takardar shaidar makaranta da ta haihuwa, 300 ta ishe su har da ragi. Haka nan in so kake a sake wanke hoto daidai girmansa na asali.

Tsohon hoto kuwa ba don a dube shi gaba ɗaya kawai ake ajiye shi ba, shiga cikinsa ake yi. Ɗauki hoton taro irin na 'yan makaranta ko ma'aikatan En'e: sahu huɗu, na gaba a ƙasa, malamai a kan kujeru, na baya a tsaye kan benci, mutum sittin a takarda mai inci 8 da 10. Fuskar kowane ɗaya ba ta wuce kwata na inci ba. A 150, wadda wasu shaguna ke barin na'urarsu a kai don sauri, wannan fuskar ɗigo 38 ce a faɗi. Hula za ka gani da duhun ido biyu. A 300 ta zama 75, ka fara cewa "kamar wane". A 600 ta zama 150, nan ne tsohuwa za ta sa tabarau ta ce wannan ƙanen babanku ne, ga billensa nan. A gaban irin waɗannan hotunan kuma akan ajiye allo an rubuta aji da shekara da alli. Wannan allon shi ne rabin darajar hoton, kuma shi ne farkon abin da ƙaramin sikanin ke cinyewa.

Ƙarin lokacin bai taka kara ya karya ba. In mai shago ya ce sai an ƙara kuɗi, ƙara masa. Mai hoton da ya ba ka aro yau ba lalle ya sake ba ka ba.

A jikin kwalin sikanata an rubuta 19200 dpi. In sa ta a nan kawai in huta?

A'a. Lambobi biyu ne a jikin kowace sikana. Akwai wadda idon na'urar ke iya gani da gaske, a na'urorin gida yawanci 600 ne, ko 1200, ko 2400, wasu 4800. Akwai kuma wadda manhaja ke ƙirƙira ta hanyar cusa ɗigo tsakanin ɗigo. Ta biyun kamar ƙara wa nono ruwa ce: ƙwarya ta cika, nonon yana nan yadda yake. Fayil ɗin zai yi nauyi, kwamfuta ta riƙa tsayawa, ba ka ƙaru da ko gashin gira ɗaya ba.

Ita ma takardar hoto tana da iyakarta. Hoto mai kala da aka wanke da inji a shekarun 1980 da 1990, in ka wuce 600 ba sabon abin da za ka gani sai ƙura da saƙar takarda. Tsofaffin masu baƙi da fari, musamman waɗanda aka ɗauka da babbar kyamara mai ƙafa uku, su ne ke ɓoye abubuwa da yawa, su suka cancanci a haura da su.

An ce hoton intanet 72 dpi ake yi.

Tsohuwar magana ce da ta ƙi mutuwa. Waya da kwamfuta fiksel suke ƙirgawa. Hoto mai 2400 x 3600, ko an rubuta masa 72 ko 600, iri ɗaya zai fito a gilashi. Wanda ya yi sikanin a 72 saboda wannan maganar kuwa ya yi asara.

JPEG ko TIFF?

Duka biyu nau'in fayil ne da ake ajiye hoto a ciki, kowanne da aikinsa. TIFF yana ajiye kowane ɗigo yadda sikana ta gan shi. JPEG matse hoto yake yi ta hanyar zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa sai ya sake zubar da wani abu. Shi ya sa za ka ga hoton da ya sha yawo yana da wani datti-datti a gefen rubutu da gefen rawani.

Yi sikanin sau ɗaya a TIFF. Wannan shi ne uwa. Kada ka yanke shi, kada ka ƙara masa haske, kada ka rubuta komai a kansa. Duk abin da za ka tura wa mutane, kwafi za ka cira daga jikinsa ka mai da shi JPEG. Hoto mai inci 4 da 6 a 600, mai kala, TIFF ɗinsa wajen megabait 26 ne. Ya yi wa data nauyi, amma filashi mai gigabait 32 zai ɗauki sama da 1,000. In na'urar shagon ba ta ba da TIFF, a karɓi PNG, shi ma ba ya zubar da komai. In JPEG ne kaɗai, a kai ingancinsa ƙarshen ma'auni.

Hoton baƙi da fari ne. Ashe ba a baƙi da fari zan sa na'urar ba?

Nan ne hotuna da yawa ke mutuwa. Zaɓin baƙi da fari zalla na rubutu ne, launi biyu kawai ya sani, babu toka-toka a tsakani, fuska sai ta fito kamar fotokwafi. Ko dai ka zaɓi mai ruwan toka, ko kuma, abin da na fi so, ka yi shi a kala. Tsohon hoto ba baƙi da fari ba ne tsantsa. Wani ya yi ja-ja, wani ruwan ƙasa, wani da ɗigon goro ko tabon ruwa a gefe. In an ɗauke shi a kala, mai gyara zai iya raba tabon da hoton cikin sauƙi, kuma launin takardar kansa yana taimaka wa masu ƙiyasta shekaru. Daga kala ana iya komawa ruwan toka a kowane lokaci, daga ruwan toka ba a dawowa.

Ka kuma kashe duk gyaran da na'urar ke yi da kanta, na ƙara kaifi da na goge ƙura. Ka bar ɗan fili a kewaye don gefen takardar ya fito duka.

Ba ni da sikana, kuma Baba ya ce hoton ba zai fita daga gidan ba. Waya za ta yi?

Za ta yi, kuma Baba yana da gaskiya, hotuna da yawa a hanyar zuwa shago suka ɓata. Kyamarar waya mai megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, tana ba da 4000 x 3000, wanda ya fi sikanin 600 na ƙaramin hoto yawan ɗigo, in dai hoton ya cika idon kyamarar. Matsalar waya ba yawan ɗigo ba ce, haske ne da karkata da rawar hannu.

Fita da hoton inuwa mai haske, bakin zaure ko baranda da hantsi, ba cikin rana tsaka ba, ba kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Kashe filashin kyamara. Shimfiɗa hoton a kan baƙin ƙyalle, ka goge idon kyamarar da gefen riga, ka riƙe wayar a samansa daidai wa daida yadda gefuna huɗu za su miƙe. In ka ga sama ta fi ƙasa faɗi, ka karkace. Ka dafa gwiwar hannu a kan wani abu, ko ka ɗora wayar a bakin kujera kyamarar ta leƙo, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka. Matsa kusa da ƙafarka, kada ka ja da yatsa. Ka duba ko inuwar kanka ta faɗa a kai.

Abubuwa biyu za ka kashe: gyaran fuska da wayoyi da yawa ke zuwa da shi a kunne, da kuma manhajojin sikanin takardu. Waɗannan an yi su ne don su faranta takarda su baƙanta rubutu, sai su ƙone farar riga ta zama fili fetal, aikin da ke jikinta ya tafi.

Na yi sikanin mai kyau, na tura wa yayata a WhatsApp, ta ce bai fito ba.

Hajiya, ba laifin sikanin ɗinku ba ne. In aka tura hoto ta hanyar da aka saba, WhatsApp yana rage shi zuwa wajen ɗigo 1600 a dogon gefe, ya kuma matse shi. A 2023 sun ƙaro maɓallin HD, ya fi, amma shi ma yana matsewa. Hanyar da hoto ke isa yadda yake ita ce a tura shi a matsayin dokumen: ku taɓa alamar maƙala fayil, ku zaɓi dokumen, ku nemo hoton daga nan. Facebook kuma ba ya nuna abin da ya wuce 2048 a dogon gefe, yana kuma cire bayanan da aka rubuta a cikin fayil ɗin. Don haka in za ku ɗora a can, ku rage kwafin da kanku zuwa 2048, ya fi fitowa da tsabta.

Mafi muni shi ne sikirinshot. Wani ya ɗora a sitatus, wani ya ɗauka, ya tura guruf, wani ya sake ɗauka har da alamar batir a sama. Akwai hotunan Hasumiyar Gobarau da na Sarki Dikko da ke yawo a haka, kowace shekara suna ƙara dusashewa, alhali mai kyau ɗin yana nan a hannun wani.

Akwai manhajar da ke gyara tsohon hoto ya fito tangaran, har ta sa masa kala. Me ya sa ba ka son ta?

Saboda ba gyarawa take yi ba, zanawa take yi. Abin da babu shi a cikin fayil, babu manhajar da za ta dawo da shi. Abin da take yi shi ne, ta dubi dishi-dishin fuskar, ta lalubo cikin ɗimbin fuskokin da aka horar da ita da su, ta haɗa wadda ta yi kama, ta ɗora. Sakamakon yana da kyan gani, shi ne ma haɗarinsa.

Duba abin da ke faruwa da fuskokinmu. Tsage, ko bille, ko kalangu, manhajar takan ɗauke su a matsayin ƙarcewar takarda ta share. A wurinmu kuwa wannan zanen shi ne ke gaya maka gidan da mutum ya fito, wani lokacin har garinsu. Wushirya takan toshe. Tsoho mai shekara saba'in ya koma santsi kamar ango. Amawali ya narke cikin gemu. Aikin aska takwas da wani ya yi wata da watanni yana ɗinkawa ya zama wani zane da babu maɗinkin da ya taɓa yin irinsa. Rubutu ya fi shan wahala: allon ajami ko lambar mota sai su koma wasu haruffa da ba na kowane harshe ba.

Kala kuma caca ce zalla. Hoto mai baƙi da fari bai ajiye launi ba, haske da duhu kawai ya ajiye, kuma ja da kore suna iya fitowa toka iri ɗaya. Ina manhaja za ta san kayan dogarai ja da kore ne? Ina za ta san rawanin nan ɗan Kura ne, baƙi mai sheƙin shuni, ba ruwan ƙasa ba? Sai ta ba alkyabba launin da ta ga dama, yaro ya gani ya ɗauka haka sarakuna ke sawa.

Ban ce haramun ba ne. In iyali suna son ganin kakansu da kala don marmari, su yi abinsu. Sharaɗi biyu ne: a rubuta ƙarara cewa manhaja ce ta ƙera, a kuma ɗora na asalin a gefensa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne gidajen da suka ajiye ƙirar manhaja suka goge na gaskiya saboda "bai fito ba". Nan da shekara ashirin jikoki za su riƙa yi wa fuskar da ba a taɓa halitta ba addu'a.

To gyara fa gaba ɗaya, ba a yi?

Ana yi, a kan kwafi. Daidaita haske, miƙe hoton da ya karkace, cire ɗigon ƙura daga sararin sama, duk ba laifi. In yagewa ta bi ta kan ido, bar ta.

Ta yaya ingancin sikanin zai taimaka a gane shekarar hoto?

Shaidun shekara ƙanana ne, a lungu suke zama. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu 1972, don haka hoton titi da motoci ke bin hagu ya girmi wannan lokacin. Naira da kwabo sun shigo a Janairu 1973. Allon kanti mai farashi da fam da sule kafin nan ne. Katsina da Daura suna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, sunan ya koma Jihar Kaduna a 1976, aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, saboda haka sunan jihar da ke jikin allon makaranta ko ƙofar motar gwamnati yana yanke maka shekaru. Kwalejin Katsina an kafa ta a 1921, aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, ginin yanzu gidan tarihi ne.

Sarakuna ma ma'auni ne. A Katsina, Muhammadu Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman daga 1981 zuwa 2008. A Daura, Sarki Abdurrahman ya kai 1966, Muhammadu Bashar ya ɗora har 2007. Amma kafin ka ce wane ne a ƙarƙashin laima, sai fuskar ta fito. A ƙaramin kwafi kowane mai rawani da kunne biyu kama yake da ɗan'uwansa, daga nan ake samun hoto ɗaya da sunaye uku.

Hattara da abu ɗaya: nagatif, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, ana iya wanke shi a juye, hagu ya koma dama. Duba rubutu ko aljihun riga kafin ka yanke hukunci da hannun tuƙi.

Bayan hoton ma sai an yi masa sikanin?

Ƙwarai kuwa, 300 ta ishe shi. Hatimin mai hoto, kwanan wata, sunaye da boko ko ajami, "zuwa ga ƙanwata", duk a baya suke. Ba su lamba ɗaya, misali 1965_Daura_Gani_007_gaba da 1965_Daura_Gani_007_baya. In shekarar zato ce, rubuta "wajen 1965", kada ka mai da zato tabbas. Sannan ka zauna da dattijan gida da hoton a buɗe a babban gilashi, ka kunna rikoda. Wannan aikin ya fi sikanin ɗin gaggawa.

Na ɗauko hoto daga tsohuwar jarida, sai ya fito da wani zane kamar tabarma.

Hoton jarida da na littafi ba hoto ba ne irin na situdiyo, ƙananan ɗigon tawada ne aka jera a layi. In layin ɗigon ya ci karo da layin idon sikana sai wannan saƙar ta bayyana. Yawancin na'urori suna da zaɓin jarida ko mujalla, kunna shi. Ko kuma ka yi a 600, ka ɗan lausasa kwafin, sannan ka rage girmansa. Ka sa baƙar takarda a bayan shafin don rubutun ɗaya gefen kada ya leƙo. Kada ka sa rai da yawa, abin da injin ɗab'i bai buga ba babu shi. Kuma ka ɗauki shafin duka, da sunan jaridar da kwanan wata. Yankakken hoto daga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa tun 1939, in babu kan shafin, ka bar wa mai bincike shekaru masu yawa ya yi ta lalube.

Hoton ya manne da gilashin firem. In ɓamɓare shi?

Kada ku taɓa, Alhaji. Danshin damina ne ya haɗa su, in kuka ja, fuskar za ta zauna a gilashi takardar ta biyo hannunku. A ɗauke shi da waya ta cikin gilashin, a wurin da haske ke zuwa daga gefe, mai ɗauka ya sa baƙar riga don kada ya ga kansa a ciki. Haka hotunan da suka manne a albam mai gam: a ɗauki shafin yadda yake.

Laminetin kuma ku yi nesa da shi. Zafi ne da gam, ba ya ciruwa, in ruwa ya shiga ta gefe hoton ya ruɓe a ciki kuna kallo. Salatef ma haka, tabonsa ba ya fita. Ƙurar hunturu a bi ta da busasshen burushi mai laushi, ban da ruwa, ban da yawu, ban da hura baki. A goge gilashin sikana kafin kowane hoto, don a 600 ƙwayar rairayi ɗaya tana fitowa ƙatuwa, tana kuma iya ƙarce hoton.

Na tarar da nagatif a cikin ambulan. Yana da amfani?

Ya fi hoton da aka wanke daga jikinsa. Shi ne ainihin abin da ya shiga kyamara, kuma sau da yawa yana ɗauke da gefunan da mai wanki ya yanke. Fim ɗin da aka fi sani milimita 24 ne da 36, saboda haka 2400 ne mafi ƙaranci, wanda zai ba da wajen 2270 x 3400. Yana buƙatar sikana mai fitila a murfi, irin ta haɗe da firinta ba za ta iya ba. Riƙe shi ta gefe kawai.

In ban rubuta sunana a kai ba, wasu za su ɗauka su ce nasu ne.

Za su ɗauka ko ka rubuta. Abin da tambarin tsakiya ke yi kawai shi ne lalata kwafin da zai fi yawo. Ƙara farin fili a ƙasan hoton, ka rubuta wurin, da shekara, da mai ɗauka in an san shi, da gidan da hoton ya fito, sannan sunanka. Yin sikanin ba ya mai da kai mai hoto. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana ba hoto kariyar shekara 50, don haka na shekarun 1980 da 1990 har yanzu da masu su. Wanda kuma ka samo daga wani gidan adana tarihi, irin Arewa House ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ambaci wurin da lambar da suka ba shi, don mai neman babban kwafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Hoton bikin iyayenmu mata ne. In ɗora?

Tambayi masu shi tukuna. Hoton da aka ɗauka a cikin gida don 'yan gida aka ɗauke shi, kuma wadda ke ciki ba mayafi tana da shekara goma sha takwas, yau ƙila kakar wasu ce. Abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Yi sikanin ɗinsa da kyau, ka raba wa dangi, ɗorawa kuma sai da yardarsu.

Ina zan ajiye manyan fayilolin?

Wuri uku. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi ko faifan ajiya na kwamfuta (hard disk), ɗaya a wajen gidan, ko a intanet ko wurin ɗan'uwa a wani gari. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta kuma ba ya taɓa fayil. Waya ba ma'ajiya ba ce, ana sace ta, tana faɗawa ruwa. Filashin da ke yawo shago-shago kuma bairos yake kwasowa, ware wa hotuna nasu daban. Duk shekara ka buɗe ka tabbatar suna nan. Takardun asali kuma kada a yar don an yi sikanin. A sa su a ambulan na takarda, ba leda ba, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara.

Muna so mu buga hoton kakanmu a kalanda da bana ta taron zuri'a. Wane girma zai kai?

Raba yawan fiksel da 300 don abin da za a riƙe a hannu, da 150 don abin da za a rataye a bango. Fayil mai 2400 x 3600 zai ba da inci 8 da 12 tsaf, ko 16 da 24 a kalanda. Bana da ake hange daga nesa tana jure ƙasa da 100. Ku kai wa mai bugawa babban fayil ɗin a filashi, ku kuma tsaya ku ga yadda ya shimfiɗa shi, don wasu sukan ja hoto ta gefe ɗaya ya cika fili, siririn mutum ya fito da kumatu.

Kwafin WhatsApp kaɗai gare ni, ban san inda na asali yake ba.

Ajiye shi yadda yake, kada ka bi shi da manhaja. Sannan ka bi sawu: wa ya turo maka, shi kuma wa ya turo masa. Sa shi a binciken hoto na Google, wani lokacin babban kwafi yana wani shafin. In na gida ne, yawanci mutum uku ko huɗu za ka tambaya kafin a ce maka ai yana wurin gwaggo wance. Ka je da kanka, da wayarka da caji da baƙin ƙyalle, ka roƙi a fito maka da albam ɗin duka.